Tulin Doya a Gonar Aro

Ni Ikilima, abinci nake sayarwa a bakin titin Yangoji, daidai inda motocin Lokoja ke rage gudu. Da tire na fara, ina bin tagogin motoci da soyayyiyar doya da yaji. Yau ina da rumfar kwano, da benci, da firji, har da ɗan injin nan na cire kuɗi da kati. Ba alfahari nake yi ba, don kowa a bakin titin nan ya matsa gaba, har mai facin taya ya sa wa shagonsa ƙofar gilashi. Abu ɗaya ne ban ga ya motsa ba tun da aka kawo ni garin nan ina amarya, shi ne gonar mijina.

Sunansa Badamasi, ni dai Malam nake ce masa. Irin garmar da ubansa ya yi tulin doya da ita, ita ce har yau a kafaɗarsa. Rumbun da ubansa ya cika shi yake cikawa idan shekara ta yi kyau, idan ba ta yi ba mu ga ƙasan rumbun tun kafin bazara. A da doyar rumbun nan ita ke yi mana sutura, ta kai yara makaranta, har a sayi akuya da ragowar. Yanzu doyar tana nan yadda take, ba ta ƙaru ba, amma taki da maganin ciyawa da kuɗin mota duk sun yi fiffike sun bar ta a ƙasa. Abin kunya, ni matar manomin doya, rabin wadda nake soyawa daga kasuwar Abaji nake saro ta.

Gonar ma ba tamu ba ce, aro ce. Uban Malam ya zo daga ƙasar Zariya da garmarsa da buzunsa, wani dattijon Gbagyi ya nuna masa fili a bayan rafi ya ce ya noma. Ba a rubuta komai ba, goro kawai aka fasa. Sharaɗi biyu aka yi. Doyar fari ta kowace shekara a kai ta gidan masu ƙasa. Sannan idan damina ta zauna, babba a gidan masu ƙasar zai zo zagaye: duk inda ya ga doya ta tsiro, aro yana nan, duk inda ya ga ƙasa kwance ba tsiro, ta koma hannun masu ita. Dattijon ya rasu, uban Malam ya rasu, sharaɗin ya rage. Babban gidan a yanzu shi ne Dominic, sa'an Malam ne, tare suka yi farautar gafiya suna yara.

Shekara da shekaru zagayen nan yawon shan iska ne. Dominic ya zo da sandarsa, su tsaya a gindin ɗorawa, su fasa goro, su zagi birai da masu sayar da taki, ya koma gida. Sai Abuja ta fara rarrafowa. Ta cinye Gwagwalada, ta lashi Kwali, muka fara ganin mutane da hular kwano suna leƙa wani abu mai ƙafa uku a gefen gonakin jama'a. Filin da aka bayar a kan goro, yau masu kamfanin gine-gine ne ke faka jif a ƙofar gidan Dominic saboda shi. Ƙannensa da ke birni suka taso shi a gaba, musamman autansu Yohanna. Dominic ya ce shi ba zai karya maganar ubansa ba, amma idan ƙasa ta dawo da kanta bisa sharaɗi, to ba shi da bakin hana su sayarwa. Maganar ta iso rumfata tun kafin ta isa kunnen Malam.

Ga shi kuma bara ta yi mana mugun aiki. Ruwa ya sauko da wuri, aka dasa, sai ya ɗauke ƙafa, rana ta dafa irin a cikin tuli kamar an ɗora shi a murhu. Abin da muka tona bai taka kara ya karya ba, a ciki aka kai ta fari gidan Dominic, a ciki aka ci, a ciki aka ware iri. Da Malam ya baje irin a tsakar gida bana, ina kallo na san ko rubu'in gonar ba zai rufe ba. Ya je Abaji neman ƙari ya dawo hannu rabbana, ya ce irin doya yanzu sai ka ce gwal ake tayawa. Na ce bari in sayar da firji. Ya ce ko na haɗa da rumfar da bencin ba za su cika gonar ba, sannan me za mu ci kafin kaka? Gaskiyarsa ce, shi ya sa ma ta ƙara ba ni haushi.

Da ruwan fari ya jiƙa ƙasa, Malam ya kira gayya don a yi tuli. Ya bi gida gida da goro kamar yadda aka saba, kowa ya ce Allah ya kai mu. Ranar na rufe rumfa, na tuƙa tuwon da zai ƙosar da samarin unguwa, na yanka zakaru, na dama kunun zaƙi. Da hantsi na ɗauki tuwon a babban bahona na kai gona. Tsofaffi uku na tarar, ɗayansu ma tari ya zo yi. Samarin duk suna Kwali, ranar ake zuba kankare a wani bene, kuma mai bene ba da tuwo yake biya ba. Har ɗanmu Hafizu yana can, shi birkila ne, ga mata ga jariri a wuyansa.

Da yamma ya zo gaishe mu, ƙafafunsa fari fat da siminti. Ya durƙusa a gaban ubansa.

"Baba, ka yi haƙuri. In na ƙi zuwa yau, gobe oga ya sa wani a wurina."

"Na ce maka wani abu?" in ji Malam.

"Ba ka ce ba. Amma abin da na samo yau, in aka ba 'yan ƙwadago za su yi maka tulin da ya fi wanda zan yi da hannuna."

"To, ina 'yan ƙwadagon?"

Hafizu ya sunkuyar da kai, don su ma a wajen kankaren ya baro su. Tuwon kuwa washegari na ɗumama shi na sayar wa direbobin tirela.

Malam shi kaɗai ya yi tulin nan. Ya fita da ya idar da sallar asuba, ya dawo gab da magariba yana tafiya a duƙe kamar mai neman allura. Ni ce mai gasa baya da ruwan zafi, ni ce mai shafa man zafi, ni ce kuma mai mita, don bakina ba ya iya shiru idan raina ya ɓaci. Haka ya yi ta yi har tuli ya jeru reras tun daga gindin ɗorawa har bakin rafi. Gona ta shirya tsaf, iri ne babu.

Akwai dabarar da ake yi, kowa ya san ta, don ba mu kaɗai ke noma gonar aro ba. Mutum ya dasa irinsa a layukan bakin hanya da na gefe, na tsakiya ya bar su fanko, ya ɗora musu hular busasshiyar ciyawa kamar yadda ake yi wa tulin da aka dasa don kada rana ta ƙona iri. Idan na gefe suka yi ganye suka hau sanda, wa zai kutsa tsakiya? Mai zagaye ma idan mutumin kirki ne ba ya son ya gani. Na tari Malam da maganar yana zaune a gaban irin ya zabga tagumi.

"Malam, Dominic ba zai shiga tsakiya ba. Kai ma ka san ba zai shiga ba."

"Shi ya sa ba zan yi ba," in ji shi. "Mutum ya runtse ido saboda ni, ni kuma in zura masa hannu a aljihu?"

"To dasa rubu'in da kyau, a karɓi sauran. Da babu gara ba daɗi."

"In bar musu ina? Wajen rafi ko wajen ɗorawa? Wanne zan nuna da yatsa in ce ban so?"

"To me za ka yi? Haihuwa irin zai yi a tsakar gida?"

Ya ce in ba shi wuƙata mai kaifi, wadda nake fere doya da ita.

Irin doya na ƙwarai kamar dunƙulen hannu yake, kuma da kan doyar a jikinsa, don ta kai doya ke saurin tsirowa. Malam ya zauna ya bi irin nan ɗaya bayan ɗaya yana yanka shi ƙanana, kai da tsakiya da wutsiya, kowane yanki bai fi goro ba. Ya birkiɗa su a toka, ya shanya a inuwa. Na tsaya a kansa na riƙe ƙugu na ce, dasawa za a yi ko fate za mu ci? Ya ɗago ya dube ni da jajayen idanu.

"Kowane tuli zai samu rabonsa, Ikilima. In Dominic ya tambaye ni ko na dasa, zan ce na dasa, kuma ban yi ƙarya ba."

Na so in ce masa gaskiyar da za ta raba mutum da abincinsa ai sai a yi mata kwaskwarima. Ban faɗa ba, don ya riga ya yanka. Na ɗauki kwando na bi shi gona, yana binnewa ina ɗora hula.

Waɗanda suka samu yankin kai sun leƙo da wuri, nan ɗaya can ɗaya. Sai ruwa ya sake yin halinsa na bara, ya ɗauke. Babban iri yana da abin da zai shayar da tsironsa har ruwa ya dawo, amma yanki kamar goro me gare shi? Suka yi yaushi, suka ƙone. Sauran kuwa ko motsi. Ruwa ya dawo yana yayyafi yana tsayawa, gonakin maƙwabta suka yi ganye har suka fara hawa sanda, tamu tana nan jawur, tuli da hula, tuli da hula, ba ko ɗigon kore. Kullum Malam sai ya je ya ɗaga hula ya leƙa ya mayar. Ya daina cin abinci sosai, ya daina sauraron rediyo.

Tsoro ya kama ni, irin wanda ke hana mutum jin gishiri a miya. Ba doyar nake ji ba, rumfata za ta ciyar da mu ko da ƙyar. Na san abin da ke samun manomi idan aka raba shi da gona, don ina ganinsu a bencina. Su zo da safe da wankakkiyar riga, su zauna suna kallon motoci, ba sa saye ba sa sayarwa, kafin shekara ta zagayo rigar ta yi musu yawa. Biyu daga cikinsu an riga an kai su makwanci, kuma ba wanda ya iya faɗin ciwon da ya kashe su. Idan na dubi bencin nan sai in ga Malam a kai, gabana ya faɗi.

Ban gaya masa ba, na sa mayafi na tafi gidan Dominic in roƙa a ɗaga zagaye. Na tarar da shi a ƙarƙashin mangwaro tare da Yohanna, wanda ya zo daga birni da ƙaramar motarsa. Na gaishe su, na faɗi abin da ya kawo ni. Dominic ya shafa kansa.

"Maman Hafizu, na ɗaga, na sake ɗagawa," in ji shi. "Duk sauran gona na gama zagaye, naku kawai ya rage. Mutanen gida sun fara cewa ni ina cin amana."

Na juya wajen Yohanna da niyyar in wanke shi tas, don a hanya na tanadi maganganu. Sai ya riga ni, kuma a hankali ya yi magana, da ladabi.

"Mama, wallahi ba mugunta ba ne. Lokacin babanmu rumbu ɗaya yana isar gidan nan. Yanzu ki duba yara, ki duba jikoki, rumbun bai ƙara ko taku ɗaya ba. Makaranta ba ya jiran doya, asibiti ba ya jiran doya. Ni ma a gona na girma, na san wahalan. Ke da kanki, me yake riƙe da gidanki yanzu, gona ko rumfa?"

Ni da ba a taɓa ƙure ni a bakin titi ba, sai na ja mayafina na yi musu sallama. Na dawo gida ina tsine wa damina, ina tsine wa wuƙata.

Ranar zagaye da safe suka zo, Dominic da Yohanna da wasu dattawa biyu na danginsu. Na bi Malam, ko da yake ba a saba mace ta je ba. Dominic ya shiga gonar yana jan ƙafa, ya fi kallon sama a kan ƙasa. Amma me zai kauce wa gani? Ko ta gefe babu ganyen da zai fake da shi. Ya tsaya a wani tuli, ya cire hular, ya tura hannu har gwiwar hannu, ya zaro yankin doya. Ya kakkaɓe tokar ya matsa shi da yatsa. Bai ruɓe ba, bai kuma tsiro ba, yana nan da taurinsa kamar yadda aka binne shi.

"Ya dasa," in ji Dominic, ya ɗaga shi sama. "Ku duba, mutumin nan ya dasa."

Ya kutsa tsakiya, inda kowa ke barin fanko, ya tona wani, ya samu. Ya je bakin rafi ya tona, ya samu. Dattawan suka dubi juna suna girgiza kai.

"Yaya," in ji Yohanna, muryarsa ƙasa ƙasa, "Baba bai ce dasawa ba. Tsiro ya ce."

"Tana da rai," in ji Malam. "Doya ba ta mutu ba sai ta yi wari. Ku shinshina ku ji."

"Yaushe zai fito, Malam?"

"Allah ne masani."

"Kamfani ba za su jira ba. Sun ce in ba mu ba su amsa ba, akwai wani fili a hanyan Abaji."

Dominic ya matso kusa da Malam har kafaɗunsu suka haɗu, amma na ji abin da ya ce.

"Badamasi, me ya sa ba ka yi yadda kowa yake yi ba? Da ta gefe zan wuce."

"Na sani," in ji Malam.

Dominic ya durƙusa ya mayar da yankin doyar cikin tulin da ya ciro shi, ya rufe da ƙasa, ya ɗora masa hularsa. Malam ya miƙa masa goro kamar kowace shekara. Ya karɓa ya sa a aljihu, bai fasa ba. A nan na gane an gama. An ce kayan aro ba ya rufe katara, na sha jin karin maganar, ban taɓa jin sanyinta a jikina ba sai ranar.

Abin da ya biyo baya sauri ne irin wanda ban taɓa gani ba. Kafin mu gama jajanta wa juna an kafa duwatsun alama. Kafin in sake zuwa kasuwar Abaji an sauke bulo da yashi. Katanga ta tashi kamar ana jan ta da igiya, aka kafa ƙaton allo a bakin hanya da hoton gidaje masu jan rufi da wata mata tana dariya da haƙora farare. Kamfanin ya ɗebi ma'aikata a cikin gari. Hafizu ya zo ya same ni a rumfa yana kame-kame, wai an ce ya zo ya ja katanga, shi kuma bai san yadda zai dubi Baba ba. Na ce ya je, jaririnsa ba zai sha kunya a maimakon madara ba. Malam da ya ji, cewa ya yi Allah ya yi albarka.

Ya fara zuwa rumfa. Ya sa wankakkiyar riga ya zauna a ƙarshen benci yana kallon motoci. Wata rana na juya na gan shi a tsugune a bayan rumfa yana wanke kwanukan da direbobi suka ci abinci. Na fizge kwanon daga hannunsa, na ce ban sa shi ba, kada ya sake. Na shiga bayan firji na yi kukan da ban yi ba ranar zagaye.

A 'yan kwanakin nan ne damina ta tuna da mu. Ruwa ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya, ya kwana ya wuni, rafi ya cika ya kawo. Malam yana zaune yana kallonsa yana zuba daga bakin kwano.

Rannan da hantsi ina juya doya a mai, sai ga Hafizu a guje, cokalin gininsa ma a hannu. Na ɗauka wani ne ya faɗo daga katanga. Ya tsaya yana haki, ya dube ni, ya dubi ubansa.

"Baba, ta fito."

"Wa ta fito?"

"Doyar. Duk ta fito. Kuma katafila ta iso tun safe."

Ban san lokacin da na sauke kaskon ba. Na suri bahon nan da na kai tuwon gayya, ban ma san me zan yi da shi ba. Malam ya riga mu yin gaba, takalmi ɗaya a ƙafa.

Maigadi ya so ya hana mu shiga, Hafizu ya yi masa magana ya kauce. Da muka zagaya katangar sai na dafe ƙirji. Tuli bayan tuli ya huda hularsa. Tsiro ja-ja, siriri, miƙe kamar tsinke, wani ya fara buɗe ganye, wani yana lanƙwasa kai yana neman sandar da zai kama. Ta gefe, ta tsakiya, har bakin rafi, in ban da 'yan waɗanda rana ta ƙona, ba tulin da ya yi ƙarya. Ashe yankin tsakiya da na wutsiya ba mutuwa suka yi ba, nawa gare su, sai sun sha ruwa sun ƙoshi suke buɗe ido. A ɗaya ɓangaren kuma ɗorawa tana kwance da saiwoyinta a sama, katafila tana tafe tana shafe tuli layi layi, tana barin ƙasa sumul a bayanta.

Malam ya nufi ogan aikin, wani mai hular kwano da waya a kunne. Ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani mahaluki ba.

"Ranka ya daɗe, a bar ta ta kai kaka. In na tona, ku ɗauki rabi. Ku ɗauki duka ma, ku bar mini iri."

Ogan ya sauke wayar. Ba shi da wulaƙanci, har Baba ya kira shi. Ya ce injin nan haya ne, kowace rana biya ake yi, kuma masu gidajen sun riga sun saya tun a hoto, kafin kakar da yake magana an zuba musu faundeshan, wato harsashin gini. Ya ce abin da zai iya kawai shi ne ya bar mu mu kwashe abin da za mu iya kafin injin ya iso.

Muka zube a ƙasa. Da hannu ake yi, don garma za ta karya tsiron. Ka tura yatsu a hankali ta ƙarƙashi, ka ɗago yankin da 'yan saiwoyinsa farare, ka sa a baho, ka rarrafa zuwa na gaba. Hafizu ya yar da cokalin gini ya shigo. Ban san wanda ya kai wa Dominic labari ba, sai ganinsa na yi a bakin ƙofa da sandarsa. Ya daɗe a tsaye yana kallon gonar. Sannan ya jingine sandar, ya durƙusa a layin da ke kusa da Malam ya fara tono.

"Badamasi, ka yafe mini," in ji shi, bai ɗago ba.

"Ba ka yi mini komai ba. Tona a hankali, kana karya mata kai."

Direban katafilar, Allah ya saka masa, ya kashe inji ya ce zai ci abinci, ya kuma daɗe yana ci. Amma hannu takwas ina za su kai a gonar da ta cinye bayan Malam kafin ya gama tulinta? Ogan ya duba agogo, inji ya tashi. Muna tono yana matsowa, har ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin gwiwoyinmu. Sai da Hafizu ya rungumo ubansa ta baya ya janye shi, da tsiro ɗaya a kowane hannu. Muka koma jikin katanga muka tsaya muna kallo har ya kai bakin rafi.

Malam ya sa na hannunsa a baho, ya gyara musu zama don kada su danne juna. Ya dubi Dominic.

"Ina zan kai su?"

Dominic ya ce nasa filin da bai dasa ba, duk yana cikin katangar nan. Malam ya juyo ya dube ni, ni mai amsar kowace magana, na kawar da kai.

Hafizu ne ya tafi wajen da ake kwaɓa siminti, ya dawo da tarin buhunan da aka zazzage. Ya ce ya ga ana cika buhu da ƙasa a dasa doya a ciki, a jera a bayan gida, wai tana yi. Malam ya daɗe yana kallon buhunan. Na ɗauka zai watsar da su. Sai ya karɓa, ya kakkaɓe ƙurar simintin, ya ninke su ɗaya bayan ɗaya ya saƙala a hammata. Ya ce in ɗauko bahon mu tafi kafin rana ta taɓa su.

Dominic ya kama mini muka ɗora. Na saba idan zan ɗauko kaya daga gonar nan sai na naɗa gammo mai kauri, in tafi wuyana yana ƙara, in sake dawowa. Ranar duk abin da ya rage na gonar yana kaina, Malam yana gaba da takalmi ɗaya, har muka iso bakin titi ban tuna ban sa gammo ba.